Inabin Sagrantino da Ƙoƙon Jibin Ubangiji a Ƙasar Dawa

Kaladan unguwa ce a cikin birnin Tamale, a arewacin Gana. Sunan nan ba Dagbanci ba ne, ba kuwa Hausa ba ce. Sunan wani kogi ne a ƙasar Bama, inda sojojin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a shekara ta 1944. Bayan yaƙi aka raɗa wa barikin soja sunan, unguwa kuma ta gāje shi. Mutumin da yake zaune a wuri mai irin wannan suna ba zai yi mamaki ba idan aka ce masa wani abin da ya saba gani kullum daga nesa ya zo.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan abubuwa shi ne abin da ake zubawa a ƙoƙo ranar Jibin Ubangiji. Ƙasarmu ta dawa ce da gero da doya da gyaɗa. Mai tafiya daga Tamale zuwa Yendi ko Bolgatanga zai ga kaɗanya da ɗorawa ba iyaka, amma ba zai ga garkar inabi ba. Duk da haka Littafi Mai Tsarki cike yake da zancen kuranga da rassanta da wurin matsewa, kuma Ubangiji da kansa ya ɗauki ƙoƙon ruwan inabi a daren da aka bashe shi. Kalmar ma aro muka yi daga Larabci. Tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 “anab” take cewa, fassarar da ta biyo bayanta kuwa “inabi”. Kakanninmu sun san kalmar tun kafin yawancinsu su ga itacen da idonsu.

Domin mai karatu ya gane yadda ikkilisiya ta yi fama da wannan al'amari, bari mu bi tarihin irin inabi guda ɗaya na ƙasar Italiya, wanda rayuwarsa ta daɗe a haɗe da bagade. Sunansa Sagrantino.

A tsakiyar Italiya akwai lardin da ake kira Umbria, ƙasar tuddai da itatuwan zaitun. Nan ne garin Assisi yake, mahaifar Faransis, wanda ya bar dukiyar ubansa ya zaɓi talauci saboda Almasihu, ya rasu a 1226. Kudu da Assisi, tafiyar da ba ta kai yini guda a ƙafa ba, akwai wani ƙaramin gari mai ganuwa a kan tudu, sunansa Montefalco. Mabiyan Faransis sun gina babbar majami'a a garin, kuma a 1452 wani mai zane, Benozzo Gozzoli, ya zana labarin rayuwar Faransis a bangonta. Zanen yana nan har yau. A wannan gari da ƙauyukan da suke kewaye da shi, kamar Bevagna da Gualdo Cattaneo da Castel Ritaldi da Giano, ake noman Sagrantino. Shekaru ɗaruruwa ba a san shi a wani wuri dabam ba.

Inabin baƙi ne, 'ya'yansa ƙanana, fatarsa mai kauri. Ba ya yin 'ya'ya da yawa, ba ya kuma nuna da wuri, sai cikin watan Oktoba ake girbinsa, lokacin da ganyensa yake komawa ja wur. Abin da ya fi bambanta shi da sauran iri shi ne bauri. Duk wanda ya taɓa tauna goron da bai kwana ba ya san yadda baki yake ɗaurewa. Irin wannan bauri yana cikin fata da ƙwayar kowane baƙin inabi, amma masana sun auna sun ga na Sagrantino yana cikin mafiya yawa a duniya. Baurin nan shi ne ya sa ruwansa yake da wuyar sha yana sabo, shi ne kuma yake hana shi lalacewa.

Game da asalin sunan, yawancin masu bincike suna danganta shi da kalmar Latin mai nufin abu mai tsarki, wadda daga gare ta ne Turawa suka sami kalmarsu ta sakramenti. Mutanen garin suna da labari cewa 'yan zuhudu mabiyan Faransis ne suka kawo irin daga Asiya Ƙarama, wato ƙasar Turkiyya ta yanzu, wasu kuwa suna cewa ɗan ƙasa ne tun fil'azal. Abin da takardu suka tabbatar shi ne, tun 1540 hukumar Montefalco ce take tsai da ranar da za a fara girbin inabi, kuma sunan Sagrantino ya bayyana a rubuce tun cikin wannan ƙarni na 16. A farfajiyar gidajen zuhudu da ƙananan lambuna na cikin ganuwa aka fi renonsa, har yanzu kuwa akwai tsofaffin kurangu da suke hawa bango a cikin garin.

Yadda suke sarrafa shi a dā ya cancanci a tsaya a kansa. Idan an yanko nonnan inabin, ba a matse su nan da nan. Sai a shimfiɗa su a kan wani abu mai kama da asabari, a ɗaki mai iska, a bar su wata biyu ko fiye. Ruwan da yake cikin 'ya'yan yana ƙafewa, zaƙi yana taruwa, har su yanƙwane su kusa zama zabibi. Sa'an nan a matse. Abin da yake fitowa kaɗan ne, mai kauri, mai zaƙi ƙwarai. Idan ya tsima, yisti yakan ci sukari har ƙarfin barasa ya kai inda yistin kansa ba ya iya rayuwa, sauran zaƙin kuma ya tsaya a ciki. Italiyawa suna kiran irin wannan ruwan inabi passito. Zaƙi ya rufe bauri, bauri da ƙarfi kuma suka tsare shi daga komawa ruwan tsami. Matan ƙasarmu da suke shanya kuɓewa da tumatir domin rani za su gane wannan dabara ba sai an yi musu dogon bayani ba. Ba abin sha na kullum ba ne. Iyali sukan ajiye 'yan kwalabe domin Ista da ranar aure, 'yan zuhudu kuma suna da abin da zai kai su shekara a bagade.

A tsakiyar ƙarni na 20 irin ya kusa ɓacewa. Manoman Umbria da yawa noman kashi-mu-raba suke yi a gonakin masu ƙasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu samari suka yi ta barin ƙauye suna tafiya aikin masana'antu a birane, a 1964 kuma gwamnati ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya ta irin wannan noma. Waɗanda suka rage a gona suka fi son irin da yake cika kwando. Wa zai ɓata ƙasarsa a kan inabi mai rowar 'ya'ya, wanda kuma sai an busar da rabinsa? Zuwa shekarun 1960 'yan gonaki kaɗan ne suka rage.

Kasuwa ce ta cece shi. A 1971 wani mai sana'ar tufafi, Arnaldo Caprai, ya sayi gona kusa da Montefalco. Shi da waɗansu manoma suka ba da ƙarfi ga yin ruwan inabi marar zaƙi daga Sagrantino, wanda ake matsewa ba tare da shanya ba, a ajiye shi cikin gangunan katako har baurin ya yi laushi. Ɗansa Marco ya karɓi aikin a ƙarshen shekarun 1980, ya haɗa kai da masanan Jami'ar Milan suka tattara tsofaffin kurangu suka zaɓi mafiya kyau. Gwamnatin Italiya ta ba sunan kariya ta doka a 1979, ta ɗaukaka shi zuwa matsayi mafi girma a 1992. Bisa ga ƙa'ida, ba a gauraya shi da wani iri, ba a kuma sayar da shi sai ya yi wata 37 a ajiye. Akwai kuma wani mai sauƙin kuɗi, Montefalco Rosso, wanda yawancinsa inabin Sangiovese ne da ɗan Sagrantino a ciki. Yau ana kai kwalaben Montefalco Amurka da Jamus da Japan, passito na dā kuwa ya zama ɗan ƙaramin kashi na abin da ake yi. Inabin ya tsira, amma ya tashi daga hannun matalautan Faransis ya koma teburin masu hali. Ba ikkilisiyar ƙauye da za ta iya sayensa domin Jibi.

To, me ya haɗa wannan da mu? Matsalar da 'yan zuhudun Montefalco suka warware da shanya, wato yadda za a sami ruwan inabi na gaske wanda zai jure ajiya, ita ce ta tari 'yan mishan da suka shigo ƙasashen zafi. Dalili kuwa shi ne tsohuwar ikkilisiya ba ta yarda a musanya abin da yake cikin ƙoƙo ba. Mutumin Afirka ne ma ya fara rubutu mai tsawo a kan wannan. Wajen shekara ta 253 Kifiriyanus, bishop na Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yanzu, ya rubuta wasiƙa yana tsauta wa waɗanda suke zuba ruwa zalla a ƙoƙo. Ya ambaci cewa wataƙila waɗansu suna tsoron kada a ji ƙanshin ruwan inabi a bakinsu da sassafe a gane su masu bi ne, gama zamanin tsanani ne. Shi kansa an fille masa kai a 258. Daga baya babban taron ikkilisiya na Florence, a 1439, ya sāke tabbatar da cewa gurasar alkama da ruwan inabi na kuranga su ne kayan Jibi. Roma ta yi sassauci a abu biyu da suka taimaki 'yan mishan. Ta yarda da ruwan inabin da aka yi da zabibi, a 1896 kuma ta yarda a ƙara ɗan barasar da aka tace daga inabi domin kada ya lalace, muddin ƙarfin duka bai wuce kashi 18 cikin ɗari ba. Shi ya sa ruwan inabin bagade da ake kawowa ƙasashenmu yakan zama mai zaƙi da ƙarfi, ɗan'uwan passito.

Waɗanda suka fara kawo bishara ta ɗarikar Katolika arewacin Gana su ne Masu Mishan na Afirka, waɗanda aka fi sani da White Fathers saboda farar riga da alkyabba irin ta Larabawan Aljeriya da suke sawa. Charles Lavigerie, babban bishop na Aljiyas, shi ya kafa ƙungiyar a 1868. Mutanen nan sun san inabi sarai, gama suna da gonakinsa a Aljeriya da Tunisiya, gonarsu ta Thibar ma ta yi suna, kuɗin da take kawowa yana taimakon aikin mishan. A watan Afrilu na 1906 uku daga cikinsu, Fada Oscar Morin da Fada Jean-Marie Chollet da Ɗan'uwa Eugène Gall, suka taso daga wajen Wagadugu suka sauka a Navrongo. A lokacin jirgin ƙasa daga bakin teku iyakarsa Kumasi, inda ya iso a 1903. Daga can zuwa Tamale kusan kilomita 380 ne, daga Tamale zuwa Navrongo kuma kusan rabin wannan. Kafin a yi hanyar mota, kayan Turai da yawa a kan 'yan alaro yake zuwa, a bi tsohuwar hanyar fataken goro, a ƙetare kogin Volta da kwalekwale. Mai karatu ya auna abin da zafin watan Maris zai yi wa ruwan inabi marar ƙarfi a irin wannan tafiya. Firist kuwa idan ba shi da ko ɗan kurɓi ɗaya, ba shi da ikon yin hidimar bagade, ko da mutum dubu suna jira.

Aikin ya yi ta yaɗuwa. Aka buɗe Jirapa a 1929, Dagartawa suka shigo bangaskiya dubu-dubu bayan 1932. Tamale ta zama mazaunin bishop a 1950, ta zama ta babban bishop a 1977. Wanda ya fara riƙe wannan matsayi, Peter Poreku Dery, Badagarce ne, ya zama bishop na Wa a 1960, aka komo da shi Tamale a 1974, ya zama kadinal a 2006, ya rasu a Tamale a 2008. Shi ne ya nemi izinin Roma ya shigar da harshen Dagarti da kiɗan ƙasarsu cikin sujada, ya kuwa samu. Harshe ya sāke, waƙa ta sāke, amma alkama da inabi suka tsaya yadda suke.

Ikkilisiyoyin da suka fito daga mishan na Amurka wata hanya suka bi. A 1869 wani likitan haƙori ɗan ɗarikar Metodis, Thomas Welch, a garin Vineland na jihar New Jersey, ya dafa sabon ruwan inabi bisa ga dabarar Louis Pasteur, ya toshe shi a kwalba, bai tsima ba. Zamanin yaƙi da shan giya ne a Amurka, zuwa 1880 ɗarikarsa ta umarta a yi Jibi da marar maye. Bishof-bishof na Angalikan da suka taru a Lambeth a 1888 sun ƙi wannan, suka ce ba shi da tushe a misalin Ubangiji. Amma 'yan mishan da yawa da suka zo mana 'ya'yan wancan zamani ne. Lloyd da Margaret Shirer na Assemblies of God sun iso Yendi a 1931 daga ƙasar Mosi, 'yan SIM kuma, waɗanda ECWA ta fito daga aikinsu, sun riga sun kafu a arewacin Nijeriya. Duka biyu sun koya wa masu bi su rabu da giya ɗungum. Inda ruwan inabin kwalba bai samu ba, ikkilisiyoyin ƙauye suka yi da abin da yake hannu, zoɓo ko lemon kwalba mai launin ja. Wani rahoto da masanan sujada na Angalikan suka gabatar a 2005 ya nuna har a cikin ɗarikarsu ana yin irin wannan musanya a larduna da dama, saboda tsada, ko rashin samu, ko dokar ƙasa.

Kada mu yi saurin cewa waɗannan sun raina Jibi. A Tamale yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, Dagwamba da mutanen zango, giya kuwa haram ce a wurinsu. Mai bi da ya fito daga irin wannan gida ya san zargin da ake yi, cewa Kirista mashayi ne. Ya kuma ga gidajen da pito da akpeteshie suka rushe. Tsoron da Kifiriyanus ya ambata a Kartaj ba baƙon abu ba ne a gare shi. Harshen Hausa ma ya rufa mana asiri a nan, gama “ruwan inabi” ya ɗauki mai maye da marar maye duka, har Bakatolike da ɗan ECWA suna iya karanta aya ɗaya kowa yana ganin abin da yake cikin nasa ƙoƙon.

Akwai kuma waɗanda suka yi tambaya ta wani gefe. Jean-Marc Ela, firist ɗan Kamaru wanda ya yi shekaru yana aiki cikin mutanen duwatsun arewacin ƙasarsu, ya rubuta a 1980 cewa abin kunya ne ikkilisiyar manoman gero ta dogara ga alkama da inabin Turai kafin ta ci Jibin Ubangijinta. René Jaouen, ɗan mishan Bafaranshe da ya zauna cikin Gizigawa, ya fitar da littafi guda a kan wannan batu a 1995. Hujjarsu ita ce Yesu ya ɗauki abincin talakawan ƙasarsa ne, abincin talakawanmu kuwa tuwo ne da abin da ake yi da dawa. A ganina hujjar tana da nauyi, tarihin Sagrantino ma yana goyon bayan rabinta, domin 'yan zuhudun Montefalco daga bayan ɗakinsu suke tsinko abin da suke miƙawa. Amma ɗaya rabin yana gāba da ita. Ƙoƙon yana tuna mana da wani dare guda a wani gari guda, da mutum guda wanda Bayahude ne, ba Badagarce ko Bahaushe ba. Idan kowace kabila ta zuba nata, wani abu na wannan tuni zai ragu. Ban da haka, pito a ƙoƙo zai raba masu bi na Tamale fiye da yadda ruwan inabi ya raba su.

Roma dai ba ta motsa ba. Dokar ikkilisiya ta 1983 ta ce ruwan inabin ya zama na 'ya'yan kuranga, marar gauraye, wanda bai lalace ba. A 2017 aka aika wa bishof-bishof duka wasiƙa ana tuna musu su lura da inda suke sayen gurasa da ruwan inabi, tun da yanzu ana sayar da su har a manyan kantuna da intanet. Wanda ya sa hannu a wasiƙar, Kadinal Robert Sarah, mutumin Gini ne, ɗan Afirka ta Yamma.

Sauran hanya ɗaya ita ce a shuka kurangar a nan. Abin yana da wuya, gama inabi yana son lokacin sanyi da zai huta, damina mai zafi da laima kuma tana jawo masa ciwon ganye. Abin da ya fi kama da shi a dajinmu shi ne faru, mai 'ya'ya nono-nono da yara suke tsotsa da farkon damina, amma faru ba kuranga ba ne. Duk da haka an gwada a wasu wurare an dace. A Tanzaniya 'yan mishan ne suka kai inabi yankin Dodoma, wani firist Ba'italiye ya dasa shi a Bihawana a 1957, yau kuwa ana yin ruwan inabi a can, har ana girbi sau biyu a shekara saboda ba hunturu. A ƙasar Hausa ma, manoman Kudan kusa da Zariya sun yi suna da noman inabi a 'yan shekarun nan, suna ɗaga kurangu a kan rumfuna, suna girbi da rani. Inabin ci ne, a kasuwa ake sayar da shi, masu nomansa kuwa yawancinsu Musulmi ne.